Awa 16 a sama, daga Doha zuwa Okland

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ku yi haƙuri da muryata, yanzu na sauko. Nan da kuke gani filin jirgin Okland ne a ƙasar Niyu Zilan, asuba ce ma tukuna. Bari in juyo da kyamara ku ga ƙafata. Kun ga yadda ta kumbura? Takalmin da na saka a Doha, babban birnin Katar, ya ƙi shiga, sai take bayansa na yi.

Tsakanin Doha da nan kusan kilomita 14,500 ne, kuma tashi ɗaya muka yi, babu yada zango. Alhazanmu sun san Kano zuwa Jidda, wajen awa biyar ce. To ku ninka nisan nan sau huɗu, har da ɗan ƙari. Lokacin da aka buɗe wannan hanya a 2017, babu jirgin fasinja a duniya da ke tafiyar da ta kai ta tsawo. Yanzu ta Singafo zuwa Niyu Yok ta sha gabanta.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne tikitina. Zuwa awa 16 da 'yan mintuna, komawa kuwa awa 17 da rabi. Hanya ɗaya, jirgi ɗaya, ina ƙarin ya fito? Ashe iska ce. Can sama inda jirage ke bi akwai wata iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas. In ka nufi gabas tura ka take yi, in ka juyo kuwa sai kun yi kokawa da ita.

Sai maganar salla. Mun tashi da tsakar dare, kuma da yake gabas muke fuskanta, rana gudu take yi. Na yi asuba a zaune, na ɗan runtsa, ina ɗaga labulen taga na ga rana ta take. Kafin in gama cin abinci na biyu ta karkata. Agogon hannuna bai amfane ni da komai ba, domin Okland na gaban Doha da awa 9, wani lokacin 10. Da taga na riƙa lissafi, na haɗa azahar da la'asar.

Wani dattijo da ke gefena duk bayan awa biyu sai ya miƙe ya taka zuwa bayan jirgi ya dawo. Na yi ta yi masa dariya a zuci. Shi ga shi can ya wuce da takalminsa daram.

Af, kilishina! Ƙasar nan ba ta wasa da shigo da nama, in ka ɓoye aka gani tarar dala 400 ce ta kuɗinsu. Ina ji ina gani na jefa shi a kwandon da suka ajiye. Bari in je, ga jakata can ta fito.