Kalmomin Turanci da ke cin wasan Scrabble: fara da gajeru

Jama'a masu kallo, barkanmu da warhaka. Yawancin masu son ƙwarewa a Scrabble, wasan haɗa kalmomi da ƙwayoyin haruffa a kan allo, sukan ɗauko ƙamus su fara hadda daga harafin A, suna farautar dogayen kalmomi. Wannan wahala ce marar riba. Abin da ke cin wasa kullum shi ne gajerun kalmomi, da kuma sanin ma'anarsu.

Jakar Scrabble ta Turanci na da ƙwayoyi 100, biyu daga ciki ba rubutu, za ka iya mai da su duk harafin da ka ga dama. Kana riƙe da bakwai a gabanka. Q da Z maki 10 kowanne, J da X maki 8, wasula kuwa maki ɗaiɗai. Ƙamusun da ake hukunci da shi a gasannin Najeriya da na duniya shi ne Collins Scrabble Words. Da shi Wellington Jighere ya ci gasar duniya a birnin Perth na Ostireliya a 2015, ya zama ɗan Afirka na farko da ya ɗauki kambin. Amurka da Kanada na da nasu jerin daban, don haka in kana wasa a waya, duba wane ƙamus manhajar take kai kafin ka fara hadda.

Kalmomi masu harafi biyu a Collins sun ɗan haura 120. Dukkansu za ka haddace, kuma mako biyu sun isa in kana ɗaukar goma a rana. Ga amfaninsu. A ce akwai HEN a kwance a kan allo, kai kuma kana da O da X. Ka sa O a ƙarƙashin H, ka sa X a ƙarƙashin E. A kwance ka rubuta OX, wato sa, maki 9. A tsaye ka samu HO, maki 5, da EX, maki 9. Ƙwaya biyu kacal, maki 23. In kuwa X ɗin ta sauka a gidan da ke ninka harafi sau uku, ana ƙirga ta sau biyu, lissafin ya koma 55. Wanda bai san HO da EX halal ne ba, ba zai ma hango wurin ba.

Masu tsadar cikinsu su ne QI, ZA, ZO, XI, XU, JO, AX, EX da OX. QI ƙarfin rai ne a falsafar Sinawa. ZA taƙaitaccen sunan pizza ne. ZO wata dabba ce ta yankin Tibet, barbarar yanyawa tsakanin saniya da yak, wani sa mai dogon gashi na yankin. XI harafin Girkanci ne, XU ƙaramin kuɗin Biyetnam, JO kuwa masoyi ne a bakin mutanen Sikotilan. Ka kuma riƙe cewa babu kalma mai harafi biyu da ke ɗauke da V, shi ya sa V ke toshe wuri.

Wani zai ce to mene ne na sanin ma'ana, tunda ba a tambaya a gasa? Gaskiya ne, ba a tambaya. Amma ma'anar ce ke gaya maka abin da za ka iya maƙala wa kalma a gaba ko a baya. QI suna ne, jam'insa QIS. ZA na karɓar S, ZO ma haka. XU ba ta karɓa, domin jam'inta XU ne. Jam'in JO shi ne JOES, ba JOS ba, kuma sunan gari ba ya shiga wasa. Nan ne sababbin 'yan wasa ke faɗuwa: su ga ƙaramar kalma, su manna mata S, abokin karawa ya ƙalubalanta, a kwashe ƙwayoyin, zagayen ya wuce ba maki. A ƙa'idar gasannin duniya, in ka ƙalubalanci kalma ta zamo daidai, maki 5 ne ake ƙara wa mai ita. Tarar ba ta da yawa, saboda haka kowa na ƙalubalanta, ba wanda zai bar maka kalmar bogi.

Sai matsalar Q. U huɗu ne kawai a jaka, kuma in wasa ya ƙare Q na hannunka, za a cire maka 10. Mafita ita ce kalmomin Q marasa U a bayanta, kuma a nan Bahaushe na da sa'a, domin da yawansu daga Larabci Turanci ya aro su. QADI alƙali ne, QIBLA alƙibla, WAQF waƙafi, NIQAB niƙabi, TALAQ saki. Ka ƙara da QAT, ganyen da ake taunawa a Yaman da Somaliya. Ma'anar tana kanka tun kana yaro, rubutun kawai za ka koya.

In wasula suka cika maka hannu, EAU, AIA da EUOI za su rage maka kaya. In baƙaƙe ne zalla, akwai NTH, HMM, BRR, da CWM, wani kwari tsakanin duwatsu a harshen Welsh.

Bayan gajeru sun zauna, sannan ka koma kan garaɓasar maki 50, wadda ake samu in ka zube ƙwayoyi bakwai a zagaye ɗaya. Masana ba sa haddace masu harafi bakwai barkatai. Suna ɗaukar tushe mai harafi shida na haruffan da suka fi yawa a jaka, su bi shi da kowane harafi ɗaya bayan ɗaya. Ɗauki RETINA. Ƙara S, ka samu RETAINS, NASTIER da STAINER. Ƙara G, ka samu TEARING, GRANITE da INGRATE. Ƙara C, ka samu CERTAIN. Tushen TISANE ma kusan kowane harafi yana karɓa. Yadda ake bita: ka rubuta haruffan a jere bisa tsarin abacada a fuskar kati, kamar AEINRST, amsoshin a bayansa, kuma a gabanka ma haka za ka riƙa jera ƙwayoyinka, don ido ya saba da siffa ɗaya.

Wannan ne ya sa ba a zubar da S a banza. Huɗu ne kawai a jaka. In S ba za ta ƙara maka aƙalla maki takwas zuwa goma a kan wasan da za ka yi ba tare da ita ba, ajiye ta. Ƙwayar da ba rubutu ta fi ta tsada, kada ta fita sai don garaɓasar 50 ko wani babban ci makamancinsa.