Sherwani, Rigar Angon Indiya: Daga Masaƙa Zuwa Akwati

(An rubuto wannan lacca daga rikodin ɗin wani zama da aka yi da teloli da masu sayar da yadi.)

Assalamu alaikum. Iyayena, malamaina, abokan sana'a, ina gaishe ku.

Kusan duk wanda ke cikin ɗakin nan ya taɓa ganin angon Indiya a fim, a kan farar goɗiya, da rawani, ana kiɗa ana rakiyarsa gidan amarya. Rakiyar nan sunanta barat. Doguwar rigar da ke jikinsa kuwa, mai tsayayyen wuya da maɓallai jere har ƙasa, ita ce sherwani. Sau da yawa matashi zai kawo muku hotonta a waya ya ce a ɗinka masa irinta, a ɗinka, ta fito tana lanƙwasa kamar jallabiya. Dalili shi ne hoto ba ya nuna cikin riga.

Sherwani ta samu siffarta ta yanzu a ƙarni na 19, a wajen manyan Musulmin Arewacin Indiya da fadar Nizam, sarkin Haidarabad. Sun haɗa tsohuwar rigar fada da yankan kwat ɗin Turawa. Shi ya sa tana da shafi, tana da tauri a ƙirji da kafaɗa. In babu wannan, riga ba za ta tsaya ba. A ƙarƙashinta ana sa kurta, wato taguwa marar nauyi, da wandon churidar. Wandon nan ana yanka shi a karkace, a yi shi ya fi ƙafa tsawo, sai ragowar ya tattaru a idon sawu kamar awarwaro. Kalmar churi ma awarwaro take nufi. Takalmin kuma mojari ne, kuma al'ada ce 'yan'uwan amarya mata su ɓoye shi, sai ango ya biya su fito da shi.

Kada ku ɗauka duk Indiya haka ake yi. A Kerala da Tamil Nadu, can kudu inda zafi yake, sau da yawa ango farin zane yake ɗaurawa mai bakin ruwan zinariya.

To, mu zo kan yadi, nan ne zuciyata take. Yadin da ya fi suna shi ne na Banaras, garin da ake kira Varanasi a bakin kogin Ganga. Mafi yawan masaƙan Musulmi ne, sana'ar gado ce. Suna saƙa siliki da wani zare da ake kira zari. Zari na asali azurfa ce ake ja ta koma siririya kamar gashi, a naɗe ta a jikin zaren siliki, a shafe ta da zinariya. Yau mafi yawan wanda ke kasuwa tagulla ne ko roba mai ƙyalli, kuma garin Surat ne cibiyar yin sa. In kuna son ku gane saƙar hannu, ku juya yadin. Za ku ga zare ya ɗan yi tsalle nan da can, furen nan bai yi daidai da wancan ɗari bisa ɗari ba. Ni wannan nake nema. Aikin da ake ɗorawa a wuya da hannu da allura kuwa zardozi ne, kalmar Farisa ce, ɗinkin zinariya. Wanda ya san wahalar aska takwas a babbar riga ya san abin da nake faɗa.

Kula da ita fa? Bari in ba ku labarin kaina. Na taɓa samun sherwani ruwan madara, na fesa mata turare a ƙirji yadda muka saba, na naɗe na jefa a leda. Bayan damina na buɗe, zarin wuyan ya yi baƙi ƙirin, har yau bai dawo ba. Na ji zafin abin sosai, don wani ya zauna makonni yana wannan aikin.

Saboda haka turare a jiki ake sa shi, ya bushe, sannan a sa riga. Ruwa da sabulu ba sa taɓa ta, balle bugu irin na shadda. Wajen masu wankin inji marar ruwa ake kai ta. In an dawo daga biki a rataye ta a inuwa ta sha iska kwana ɗaya, gumi ya fita. Guga kuwa ta baya ake yi, wuta kaɗan, da farin ƙyalle a tsakani. Wajen ajiya a naɗe ta cikin farin yadin auduga, a riƙa sauya ninkin bayan 'yan watanni, don zari yana karyewa a inda aka daɗe da ninkewa. Mutanen Indiya suna zuba busasshen ganyen nim a akwati saboda asu. Nim ɗin nan shi ne darbejiyarmu, daga can aka kawo mana ita.

Alhaji, na ga ka ɗaga hannu tun ɗazu, bismillah.