Sharhi: Yadda hana zubar da ciki ya rikita lissafin jam'iyyun Amurka

Jama'a masu saurare, barkanmu da war haka.

Ranar 5 ga Nuwamban 2024 mutanen jihar Missouri ta Amurka suka shiga rumfar zaɓe, aka miƙa wa kowa takardarsa. A sama akwai sunan Donald Trump, wanda shi ne ya naɗa uku daga cikin alƙalan Kotun Ƙoli biyar da suka soke 'yancin zubar da ciki a ƙasar. Can ƙasa kuma ga tambaya: a sanya wannan 'yanci cikin tsarin mulkin jihar, ko kada a sa? Da aka gama ƙirga, Trump ya tashi da kusan kashi 58 cikin ɗari, masu cewa a sa kuma suka samu kusan kashi 52. Ko ba ka iya lissafi ba, ka san dubban mutane ne suka zaɓi Trump, sannan da wannan biron suka gangara ƙasa suka warware aikin da alƙalansa suka yi.

To, yaya aka yi aka zo nan? Tun 1973 hukuncin Kotun Ƙoli da ake kira Roe ya hana jihohi haramta zubar da ciki a farkon watanni. Kusan shekara hamsin 'yan jam'iyyar Republican da manyan coci-coci suka yi suna neman ganin bayan wannan hukunci, har ranar 24 ga Yunin 2022 haƙarsu ta cim ma ruwa, a shari'ar Dobbs da ta taso daga Mississippi. Kotu ta ce kowace jiha ta yi abin da ta ga dama. Missouri ɗin nan ita ce ta fara, cikin mintoci kaɗan dokar haramcinta ta hau aiki. Jihohi fiye da goma suka bi sahu da haramci kusan gaba ɗaya. Wasu irin su Georgia da Florida suka tsayar da iyaka a mako shida, lokacin da mata da yawa ba su ma tabbatar sun yi ɓatan wata ba.

Ba a yi wata biyu ba ƙaiƙayi ya fara komawa kan masheƙiya. Jihar Kansas rabonta da zaɓen ɗan Democrat a kujerar shugaban ƙasa tun 1964. A can aka fara gwada ƙuri'ar raba gardama, ranar 2 ga Agustan 2022, kuma masu son haramci suka sha ƙasa da kashi 41 a kan 59. A zaɓen rabin zango na Nuwamban shekarar, 'yan Republican da suka sa ran yin cinyewa da ƙyar suka karɓi Majalisar Wakilai, Majalisar Dattawa kuwa ta gagare su. A Michigan 'yan Democrat suka haɗa gwamna da majalisun jihar biyu, abin da rabonsu da shi kusan shekara arba'in. Kentucky da Ohio, inda Trump ke lashewa cikin sauƙi, su ma suka juya wa masu haramci baya.

Wani zai ce ashe Amurkawa haka suke son zubar da ciki? A nawa ganin, ba a nan gizo ke saƙar ba. Abin da ya tayar wa mutane hankali shi ne yadda dokokin suka kutsa har ɗakin haihuwa. Dubi Texas. Dokar jihar ta yarda a cire ciki idan ran uwa na cikin haɗari, amma likitan da kotu ta ce ya yi kuskure yana iya fuskantar ɗaurin rai da rai, da tarar da ba ta gaza dala dubu 100 ba, da ƙwace lasisinsa. Wane likita ne zai yi gaggawa a kan haka? Akwai wata mata 'yar birnin Austin da ta daɗe tana neman haihuwa, faya ta fashe mata tana da cikin mako 18. Likitoci sun san ɗan ba zai rayu ba, amma zuciyarsa na bugawa, don haka suka ce ta koma gida ta jira. Sai da ƙwayoyin cuta suka shiga jininta sannan aka taɓa ta, har ta kwanta a sashen masu rai kwakwai mutu kwakwai. Daga baya ta je gaban kwamitin Majalisar Dattawa ta ba da labarin da bakinta. Wannan mata ba zubarwa ta je nema ba, haihuwa take so. Kuma duk macen da ta taɓa yin ɓari ta san irin wankin cikin da ake buƙata a wannan hali, ko wace jam'iyya take bi.

Alabama ma ta ƙara gishiri. A Fabrairun 2024 kotun ƙolin jihar ta ce ƙwan haihuwa da aka haɗa a ɗakin gwaji aka daskarar, a idon doka yaro ne. Nan da nan wasu asibitocin da ke taimaka wa ma'aurata marasa haihuwa suka dakatar da aiki. 'Yan majalisar jihar, waɗanda mafi yawansu 'yan Republican ne, suka ruga a guje suka yi dokar kare asibitocin cikin makonni. A Arizona kuwa kotu ce ta tono wata doka ta 1864, tun kafin yankin ya zama jiha, ta ce tana aiki. Sai ga wasu 'yan Republican sun haɗa kai da 'yan Democrat an soke ta. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Da ganin haka 'yan Democrat suka ɗauka sun samu sandar da za su yi ta duka da ita har 2024. Kamala Harris, 'yar takararsu ta shugaban ƙasa, ba ta hawa mumbari ta sauka ba ta ambaci maganar ba. Shi kuwa Trump, wanda ya sha bugun ƙirji cewa shi ya kashe Roe, sai ya sauya taku. A Afrilun 2024 ya ce magana ta koma hannun jihohi, daga baya ya ce ko majalisa ta kawo masa dokar haramci ta ƙasa baki ɗaya ba zai sa hannu ba. Jam'iyyarsa ta Republican ta cire kiran haramcin ƙasa daga kundin manufofinta, bayan kusan shekara arba'in yana ciki. A jiharsa ta Florida ma sai da ya ce mako shida ya yi kaɗan, da masu ra'ayin riƙau suka yi masa ca, washegari ya ce a ƙuri'ar raba gardamar jihar kan 'yancin zubar da ciki, ai shi "a'a" zai kaɗa. Baki biyu ne ƙarara, amma ya yi masa aiki.

Abin da 'yan Democrat ba su hango ba shi ne, ƙuri'ar raba gardamar da suka yi ta fafutukar sakawa a takardun zaɓe ita ta buɗe wa masu zaɓe ƙofar fita. Macen da ke Arizona ko Nevada, wadda kuɗin haya da na cefane suka isa, ba sai ta zaɓi Harris ba kafin ta kare abin da take son karewa. Ta kaɗa wa 'yancin ƙuri'a, ta kaɗa wa Trump. A jihohi goma aka yi irin wannan tambaya a ranar, bakwai suka amince, kuma huɗu daga cikin bakwai ɗin, wato Arizona da Nevada da Montana da Missouri, Trump ne ya lashe su.

Masu haramci su ma sun koyi darasi, amma irin nasu. Tunda rinjaye ba ya wajensu, sai a ɗaga katanga. A Florida kashi 57 suka ce "e", amma doka na buƙatar 60, don haka iyakar mako shida tana nan daram. A Ohio an gwada ɗora wannan sharaɗi na kashi 60 a Agustan 2023, jama'a suka gano inda aka dosa suka yi watsi da shi. A Missouri kuwa, ko shekara ba a yi da ƙuri'ar ba 'yan majalisar jihar suka amince a sake mayar da tambayar gaban jama'a a 2026, da niyyar dawo da haramcin.

Mu ma nan nesa ƙurar tana iso mu. Akwai wata ƙa'ida da Ronald Reagan ya ƙirƙiro a 1984, wadda ke hana tallafin Amurka ga ƙungiyoyin ƙasashen waje da ke yi ko ba da shawarar zubar da ciki. Duk shugaban Democrat da ya hau sai ya cire ta, na Republican ya maido. Trump ya maido da ita a Janairun 2025, kuma ƙungiyoyin kiwon lafiya a Afirka na cikin waɗanda take ɗaure wa hannu.

A cikin Amurkar kuwa, adadin zubar da cikin bai ma ragu ba. Cibiyar Guttmacher mai bincike kan lafiyar haihuwa ta ƙiyasta ya haura miliyan ɗaya a 2023, kusan kashi biyu cikin uku da ƙwayoyin magani, wasu ta gidan waya suke isa. Shi ya sa rigimar ta koma tsakanin jiha da jiha. A Janairun 2025 Louisiana ta tuhumi wata likita da ke New York da laifin aika wa wata yarinya ƙwayoyin, gwamna Jeff Landry ya sa hannu a takardar neman a miƙa ta. Gwamnar New York, Kathy Hochul, ta fito gaban 'yan jarida ta ce ba za ta sa hannu ba, ba yau ba, ba gobe ba. Ƙasa ɗaya, tuta ɗaya, amma likitar da jiha guda ke nema da sammaci, ɗayar jihar ce ta yi doka ta musamman don kare ta.