Wharram Percy: Ƙauyen da Aka Tasa Domin Tumaki

Jama'a masu kallo, barkanmu da wannan lokaci. Kwarin nan da kuke gani yana arewacin Ingila, a yankin Yorkshire, kusa da garin Malton, kuma sunansa Wharram Percy. Yau ba mai kwana a nan. Kufai ne, ga ciyawa ga tafki ga kangon coci mara rufi. Amma ku dubi ƙasar da kyau. Ƙananan tuddan da ke jere tushen gidaje ne, kwarmin da ya ratsa tsakaninsu kuwa hanyar gari ce, sawun mutane da na amalanke suka zaizaye ta.

Littafin Domesday, wato ƙidayar filaye da dukiya da Sarki William ya sa aka yi a 1086, ya ambaci ƙauyen. Iyalan Percy sun sami ƙasa a nan cikin ƙarni na 12, sannan a 1254 suka karɓi haƙƙin iyalan Chamberlain, masu iko da garin a da, gari ya zama nasu baki ɗaya. Lokacin da yake tashe, gidajensa sun kai kusan 40, mutanensa wajen 200, manoma da makiyaya, da injin niƙa da ruwan rafi ke juyawa.

Yanzu mu shiga cocin, domin labarin garin duk yana jikin bangonsa. An sa masa sunan Waliyyi Martin, sojan Rum da ake ba da labarin ya raba mayafinsa biyu ya bai wa wani mabaraci rabi, daga baya ya zama bishop na Tours a ƙasar Faransa ta yau. Ginin farko ƙarami ne, na katako, a ƙarni na 10. Aka maye gurbinsa da na dutse, sai a ƙarni na 12 aka sake shi ya fi da girma, har da hasumiya. Jama'a na ƙaruwa, wuri na ƙaranci, sai aka fasa bangon gefe aka yi bakan gizo na dutse, aka ƙara zaure ta kudu, daga baya ta arewa. Ku tsaya a kan wannan bangon. Kun ga siffar baka a cikinsa, an cike cikinta da duwatsu? Nan ne da ake ratsawa zuwa zauren gefe. Da masu ibada suka ragu, gyaran rufi ya fi ƙarfin waɗanda suka saura, sai aka rushe zaurukan aka toshe bakunan. Ginin ya yi ta buɗewa yana tsukewa daidai da yawan masu shigarsa.

Kuma ba na Wharram kaɗai ba ne. Ƙauyuka biyar ne ke ƙarƙashinsa: Wharram Percy, Burdale, Raisthorpe, Towthorpe da Thixendale. Jariri aka haifa a Thixendale, sai an hau tudu an gangara da shi nan a yi masa baftisma. Rasuwa aka yi, haka za a ɗauko gawa a taka har makabartar nan, ko da sanyin hunturu ne. Kowane manomi yana fitar da ushirin amfanin gonarsa domin coci, kuma daga shekarun 1320 ikon naɗa limamin ya koma hannun gidan sufayen Haltemprice da ke kusa da Hull.

Makabartar ce ta fi ba da mamaki. Masu bincike sun tono ƙwarangwal 687, kuma ƙasusuwan sun faɗi abin da babu takardar da ta rubuta, tunda ba wanda ya damu ya rubuta rayuwar talakan ƙauye a wancan zamani. An gano cewa uwaye na shayar da 'ya'yansu har wajen wata 18 kafin yaye. An gano cewa yara na girma a hankali ƙwarai saboda ƙarancin abinci da cututtuka, har ɗan shekara 14 bai wuce tsawon ɗan shekara 10 na Ingila ta yau ba. Ni wannan ya fi taɓa ni a duk labarin. Tarihin sarakuna da yaƙe-yaƙe kowa yana da shi, amma a nan kana ganin yadda yunwa ta zauna a ƙashin yaro.

Akwai kuma wani rami a wajen makabartar, cikin gari, mai ƙasusuwa 137 na aƙalla mutum 10. Binciken da aka fitar a 2017 ya nuna shaidar yanka da wuƙa da ƙuna a jikinsu, duk bayan mutuwa. Bayanin da masanan suka fi karkata gare shi shi ne tsoron fatalwa: mutanen gari sun daddatsa gawawwakin don kada mamatan su tashi su addabi masu rai. Ke nan a gari ɗaya, ga koyarwar limami, ga kuma tsohon camfi bai saki zukata ba.

To me ya kashe garin? Da yawa za su ce annoba, kuma lallai ta yi ɓarna. Kafin ita ma an sha wuya: yunwar da ta game Turai daga 1315, da hare-haren mutanen Sikotlan a 1322. Babbar annobar da Turawa ke kira Black Death ta iso a 1349. Duk da haka a 1368 gidaje kusan 30 na da mutane a ciki. Garin ya jigata, amma ya miƙe.

Abin da ya ƙarasa shi ulu ne. Wajen 1400 iyalan Percy suka yi musanyar ƙauyen da iyalan Hilton. Kasuwar tufafin ulu ta Ingila na ta bunƙasa, masu ƙasa suka lissafa suka ga garken tumaki da makiyayi ɗaya ko biyu ya fi musu riba a kan manoma masu biyan haya. Wajen 1500 aka kori iyalai huɗu aka rushe gidajensu, kuma zuwa 1527 gonakin sun koma makiyaya. A shekarun 1540 tumaki sama da 1,200 ke kiwo inda da ake huɗa. Wannan zalunci ne, kuma haka aka yi wa ɗaruruwan ƙauyuka a Ingila.

Cocin bai mutu tare da garin ba, tunda sauran ƙauyukan na nan a lokacin. Mutanen yankin sun ci gaba da zuwa har 1870, lokacin da aka gina wa Thixendale nata. Daga nan masu zuwa suka yi ta raguwa, aka yi ibada ta ƙarshe a 1949. Shekara guda bayan haka masanin tarihi Maurice Beresford ya fara haƙa a wurin, masanin tonon kayan tarihi John Hurst ya haɗu da shi, aikin ya ci gaba kowace bazara har 1990. Suna cikin aikin ne guguwa ta kayar da rabin hasumiyar a Disamba 1959. Da yake ba a ibada a ginin kuma, masu binciken suka sami damar haƙe cikinsa gaba ɗaya, abin da ba kasafai ake samu a cocin da ke aiki ba, kuma a ƙarƙashin daɓen ne suka tarar da ramukan ginshiƙan cocin katako na farko.