LSD: ɗan mitsitsin abin da ke riƙe ƙwaƙwalwa awa 12

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Ɗauko ƙwayar panadol ɗaya ka dube ta, miligiram 500 ce ko? To da za a samu LSD, wani sinadari mai sa maye da gane-gane, mai nauyin wannan ƙwayar, ya isa ya juya tunanin mutum wajen 5,000, don shi da maikirogiram ake auna shi, abin da ido ma da kyar yake gani.

Wanda ya fara haɗa shi wani masanin sinadarai ne ɗan Suwizalan, Albert Hofmann, a kamfanin magani na Sandoz da ke garin Basel, shekarar 1938. Maganin numfashi da gudun jini yake nema, daga wata fumfuna da ke kama hatsin Turawa. Aka gwada a kan dabbobi ba a ga abin kirki ba, aka ajiye. Sai a 1943 ya sake haɗawa, ɗan kaɗan ya shiga jikinsa bai sani ba, ya ji duniya ta canja masa. Ranar 19 ga Afrilu sai ya sha maikirogiram 250 da gangan yana ganin ai kaɗan ne, ya hau keke ya nufi gida, komai na gabansa yana lanƙwashewa, har maƙwabciyarsa da ta kawo masa madara ya gan ta kamar mayya. Ku ji fa, wanda ya haɗa abin da hannunsa kenan.

To me yake yi a ciki? Akwai wani sinadari a ƙwaƙwalwarmu, serotonin, yana da hannu a barci da yanayin zuciya da yadda muke fahimtar abin da muka gani. LSD ya yi kama da shi, sai ya je ya zauna a mazauninsa, musamman wanda masana ke ce wa 5-HT2A. Nan ne abin ya fi ba ni mamaki wallahi, a 2017 masu bincike a jami'ar North Carolina ta Amurka suka gano in ya shiga mazaunin sai wani ɓangare ya rufo a kansa kamar murfin tukunya, ya kasa fita da wuri, shi ya sa cikin awa ɗaya abin ya fara amma sai ya kai awa 8 zuwa 12 bai saki mutum ba, kuma babu yadda za ka ce na fasa.

A jiki, baƙin ido ya buɗe, zuciya ta ƙara gudu, jini ya hau, barci ya ƙaura. A tunani kuwa sassan ƙwaƙwalwa da ba su saba magana da juna ba su fara, launi ya yi ƙarfi, bango ya riƙa motsi, wani ya ce yana ganin sauti, minti biyar ya zama kamar yini. Wani kuma tsoro ne zalla, ya ji mutuwa zai yi ko ya haukace, a haka ake faɗowa daga bene ko a afka titi.

Gaskiya ba ya kama jiki irin na tiramol, amma wannan bai sa ya zama lafiya ba. Wanda ake da ciwon taɓin hankali a danginsu zai iya tayar masa da shi, wasu kuma wata da watanni bayan sun daina suna ta ganin walƙiya da inuwa a idonsu. Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin jerin da aka fi tsananta wa tun 1971, don haka abin da ke yawo a ɓoye, wato 'yar takardar da ake ɗiga LSD a kanta a sa a baki, ba wanda ya auna ta. Sau da yawa ma wani sinadari ne daban, 25I-NBOMe, shi kuwa ya kashe mutane, da jijjiga da bugun zuciya.

In ka ga wani a wannan hali, kar a daure shi kar a yi ta masa ihu, a zauna da shi wuri shiru, in jikinsa ya yi zafi sosai ko ya fara jijjiga a wuce asibiti nan take, a gaya wa likita gaskiyar abin da ya sha.