Jirgin da ke Saukowa da Laima: Labarin Kamfanin Cirrus

Ku dubi rufin ƙaramin jirgin sama na kamfanin Cirrus daga ciki. Dab da kan matuƙi akwai wani jan mariƙi. Idan inji ya mutu a sama, ko matuƙi ya rasa inda zai sa kansa, sai a finciko shi da ƙarfi. Nan take roka za ta ɓalle daga bayan jirgin ta buɗe laima, jirgin dungurungum da mutanen cikinsa su sauko ƙasa. A kan wannan mariƙi kamfanin Cirrus ya gina kasuwarsa.

Wa da ƙane ne suka kafa shi a 1984, Alan da Dale Klapmeier, a gonar iyayensu da ke Baraboo, jihar Wisconsin ta Amurka. A 1985 jirgin Alan ya yi karo da wani jirgi a sama. Shi ya samu ya sauka da ransa, ɗaya matuƙin ya rasu. Wannan hatsari ne ya sa suka ƙudurta cewa jirgin da za su fitar kasuwa sai da laima a jikinsa. Suka koma Duluth a jihar Minnesota a 1994, jirginsu SR20 ya samu izinin hukuma a 1998, SR22 kuma ya fara isa hannun masu saye a 2001. Yau sama da shekara ashirin ke nan SR22 na kan gaba a ciniki tsakanin jirage irinsa.

Amma fa laima kaɗai ba ta wadatar ba. Shekaru suka yi ta tafiya ana rasa rayuka a jiragen da laimarsu ke naɗe, ba wanda ya taɓa ta. Me ya sa? Matuƙi yana ganin zai iya, yana kuma jin ciwon lalata jirgi mai tsada, har lokaci ya ƙure masa. Sai kamfanin da ƙungiyar masu jiragen suka sauya salon horo: in abu ya ɓaci, ja tun da wuri, kada ka tsaya jayayya da zuciyarka. Mace-macen suka ragu sosai. A ganina nan ne Cirrus ya gane cewa horo ma haja ce.

Ta fannin kuɗi kuwa an sha wuya. A 2001 masu jari daga Bahrain suka sayi mafi yawan hannun jarin. Karayar tattalin arziki ta 2008 ta durƙusar da ciniki, Alan ya bar kamfanin a 2009, sannan a 2011 kamfanin CAIGA na gwamnatin Sin ya saye shi. Kuɗin Sin ne suka ƙarasa Vision Jet, ƙaramin jet mai inji ɗaya da aka fara miƙa wa masu shi a ƙarshen 2016, shi ma da laimarsa. A 2023 Cirrus ya miƙa jirage 708, kuɗin shigarsa ya haura dala biliyan ɗaya, a Yulin 2024 kuma ya shiga kasuwar hannun jari ta Hong Kong. Abin lura, ƙira tana nan a Amurka, mallaka ce ta koma Sin, kuma duk sa'ad da dangantakar ƙasashen biyu ta yi tsami, sai an waiwayi wannan batu.

To, ina aka dosa? Masu iya tuƙin jirgi ba su da yawa, don haka kamfanin ke zuba kuɗi a cibiyoyin horo da gyara, yana kuma ƙera jirgin da ba zai firgita sabon shiga ba. Tun 2020 Vision Jet ke da wata na'urar kamfanin Garmin da Cirrus ke kira Safe Return, a 2025 aka sa ta a sabon samfurin SR. Idan matuƙi ya suma, fasinjan da bai taɓa riƙe sitiyarin jirgi ba zai danna madanni ɗaya. Jirgin da kansa zai duba yanayi da sauran man da ke tanki, ya zaɓi filin sauka, ya sanar da masu kula da zirga-zirgar jirage, ya sauka, ya taka birki, ya kashe inji.