Hirar Matafiya: Kama Otal a Bakin Nilu, Nesa da Tsakiyar Alkahira

Binta: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Yau Alkahira muka nufa. Mutum ya sauka a tsakiyar gari kusa da dandalin Tahrir, ko ya gangara kudu unguwar Maadi, bakin kogin Nilu? Malam Sani, kai ka yi karatu a can, bismillah.

Sani: Hajiya, ni kafin a yi maganar kogi, tambayata ɗaya ce: daga ƙofar otal zuwa tashar metro, wato jirgin ƙasa na cikin gari, tafiyar minti nawa ce a ƙafa?

Aminu: Malam, tun yanzu? Mutum fa ya biya kuɗi ne don ya buɗe taga ya ga ruwa.

Sani: Zai gani, Aminu. Amma tsakaninsa da ruwan akwai titin Kornish, wanda ke bin gaɓar kogin har cikin gari. Da safe da kuma bayan la'asar titin nan cushewa yake. Tafiyar da za ka yi cikin rabin awa ranar Juma'a da safe, ranar Lahadi sai ta ci maka awa guda ko fiye, don a Masar Lahadi ake komawa aiki.

Binta: Duk da haka ni ina bayan Maadi. Mutanenmu da yawa neman magani ke kai su Alkahira, kuma akwai manyan asibitoci a bakin Kornish ɗin, irin su As-Salam International. Na yi jinyar yayata a unguwar. Bayan magariba sai in tura ta a keken marasa lafiya zuwa baranda, iska na kaɗowa daga kogi, jiragen filafilan nan da suke kira faluka suna wucewa a hankali. A nan ta fara cin abinci da kanta. Mai jinya ba abin da zai yi da hon ɗin tsakiyar gari.

Sani: Wannan gaskiya ne, Hajiya, Allah ya ƙara mata lafiya. Wanda asibiti ya kawo, ya zauna kusa da asibitinsa. Ina magana ne kan mai zuwa Azhar, ko sayayya a Khan el-Khalili da Ataba.

Aminu: To shi yaya zai yi?

Sani: Layi na ɗaya na metro, wanda aka buɗe a 1987, na farko a Afirka. Ya taso daga Helwan ya bi ta Maadi. Ka hau a tashar Maadi, tsayawa ta takwas ita ce Sadat, ƙarƙashin Tahrir. A Maadi jirgin a fili yake tafiya, sai bayan tashar Sayyida Zainab yake nutsewa ƙasa. A Sadat ɗin sai ka sauya zuwa layi na biyu ka sauka Ataba, daga nan Azhar ba nisa. A hanya kuma akwai tashar Mar Girgis, in ka sauka 'yar tafiya ce zuwa masallacin Amru bin As.

Binta: 'Yan uwana mata ku ji wannan: akwai taragun mata zalla a tsakiyar jirgin, kuma an sa alama a inda za ku tsaya jira. Lokacin tashi daga aiki kada ki matsa wa kanki a na maza.

Sani: Kuma a riƙe tikiti da kyau, da shi ake fita. Kuɗinsa gwargwadon yawan tashoshi ne, sai ka faɗa wa mai sayarwa inda za ka sauka.

Aminu: Amma Malam, tashar Maadi ai ba a bakin kogi take ba.

Sani: Yawwa, abin da nake ta nufi ke nan. Tana can ciki, wajen Titi na 9 mai gidajen abinci. Daga Kornish tafiya ce mai ɗan tsawo, kuma a zafin watan Yuli da tsoho ko yara ba za ta yiwu ba. Sai ka lissafa kuɗin mota zuwa tasha safe da yamma a cikin kuɗin ɗakin.

Aminu: Ni Uber, motar hayar nan da ake kira ta waya, na fi amfani da ita, saboda ba ciniki. Abin da ya taimake ni shi ne lambar mota da lambobin Larabci ake rubuta ta, wanda ya yi Islamiyya nan take zai gane motarsa.

Binta: In farar tasi ce kuwa, a ce wa direba ya kunna mita tun kafin a tashi. Sannan don Allah a yi hattara da tsallaka Kornish da dare. Motoci ba sa rage gudu. Ni jira nake in ga 'yan gari za su tsallaka, in bi gefensu.

Aminu: Filin jirgi fa?

Sani: Yana can arewa maso gabas, metro bai shiga cikinsa ba. Daga Maadi mota za ka ɗauka ta titin zobe da suke kira Da'iri, shi ne kuma ke haye kogin da kai zuwa gine-ginen dala na Fir'aunoni a Giza. Ranar komawa gida ka fito da wuri sosai, musamman in azumi ne kuma tafiyar ta faɗo gab da shan ruwa.

Binta: To madalla. Mako mai zuwa sai maganar biza da canjin kuɗi. A huta lafiya.